Yadda Matashin Hafsan Sojan Sama Zai Tunkari Ƙaramin Kwas na Jaji

Ranar da sigina ta fito daga hedikwatar sojan sama a Abuja da sunanka cikin waɗanda za su tafi Jaji, abokai a mes, wato wurin cin abinci da shaƙatawar hafsoshi, za su taya ka murna, waɗanda suka riga ka zuwa kuma su yi 'yar dariyar ƙeta su ce ka tanadi biro da maganin ciwon kai. Da gaskiyarsu. Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Jaji, wadda ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, an buɗe ta a 1976 da taimakon wata tawagar sojojin Birtaniya, da farko don sojan ƙasa kaɗai. Sojan sama suka shigo a 1978, na ruwa a 1981. Kwas biyu ne aka fi saninta da su: babba na masu muƙamin Manjo da takwarorinsu, da ƙarami na masu muƙamin Kyaftin, wanda a sojan sama shi ne Filait Laftanar. Ƙaramin ne naka, kuma idan ka gama lafiya za ka ƙara haruffan pjsc a bayan sunanka, alamar ka ci ƙaramin kwas ɗin.

Abin da ya kamata ka sa a ranka tun daga gida shi ne, a can babu ruwan kowa da yadda ka iya sarrafa jirgin yaƙi Alpha Jet ko kwance injin jirgin Super Tucano. Wannan ka riga ka koya a wani wurin. Abin da ake so a fitar daga jikinka shi ne hafsan ofis, mutumin da kwamanda zai jefa wa matsala da safe, kafin azahar ya dawo masa da takarda guda wadda zai iya yanke hukunci a kanta ba tare da ya sake kiran kowa ba.

Kafin ka bar sansaninka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ka ga sunanka, ka nemi littafin ƙa'idojin rubutun soja na haɗin gwiwar rundunonin uku, ka fara karanta shi kamar yadda ka karanta littafin jirginka. Littafi ne mai gundura, ban ɓoye maka ba. Amma a cikinsa aka faɗi inda ake sa matakin sirrin takarda, yadda ake lamba wa sakin layi, yadda ake taƙaita kalmomi, da bambancin wasiƙar da za ka aika wa wata runduna da 'yar takardar da ke yawo tsakanin ofisoshi cikin hedikwata ɗaya. Wanda ya isa Jaji bai taɓa buɗe shi ba, makonnin farko zai yi su ne yana bin 'yan'uwansa a guje.

Ka gyara hannunka a kwamfuta. Mai buga rubutu da yatsa biyu yakan kwana a kan aikin da wani ya gama kafin isha'i. Ka kuma koma motsa jiki idan zaman ofis ya fara fito maka da tumbi. Sai batun gida, wanda mutane ke rainawa: ka zauna da iyalinka ka gaya musu cewa watannin nan ba za su riƙa ganinka yadda suka saba ba, ko da kuwa a Kaduna ko Zariya suke, ka tsara kuɗin cefane da na makarantar yara, ka wakilta wani ɗan'uwa kan sha'anin biki da suna. Wayar gida da ke shigowa ƙarfe ɗayan dare kana tsakiyar aiki ta fi kowane malami wahalar da ɗalibi. Ke ma ƙanwata, idan sunanki ne ya fito, wannan zaman da maigida da wadda za ta riƙe miki yara ya fi sayen kowane littafi muhimmanci.

Makon farko: ka san ɗakinka da malaminka

Za a raba ku rukuni-rukuni, kowanne ana ce masa sindiket, mutum goma ko sama da haka kaɗan a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin malami guda da ake kira Di-Es. Babban hafsa ne da ya riga ya bi ta inda kake bi. Shi zai duba aikinka, shi zai jagoranci tattaunawa, kuma shi zai rubuta abin da ya gani a tare da kai. Kada ka ɗauka sai ranar jarabawa yake auna ka. Yana kallon wanda ya shigo a makare, wanda ya karanta abin da aka ce a karanto, wanda ke katse wa na kusa da shi magana, da wanda ke laɓewa a bayan wasu kullum.

A tattaunawa, magana biyu masu nauyi sun fi goma na cika baki. Idan an zo fannin da ka sani, a ce kai mai kula da zirga-zirgar jirage ne, ka buɗe wa 'yan ɗakinku abin da ba su sani ba. Idan an zo fannin ɗan sashen kayan aiki, ka yi shiru ka rubuta. Matuƙa jirgi su ne suka fi faɗawa wannan ramin, don sun saba a sansani su ne 'yan gaban goshi.

Rubutu, inda jan biro ke aiki

Nan ne jikin kwas ɗin yake. Aikinka na farko zai dawo maka ja-wur, har ka yi tunanin ko ba ka taɓa shiga aji ba. Kada ranka ya ɓaci. Ka ɗauki takardar ka ware kurakuran gida biyu: na tsari da na tunani.

Na tsari su ne masu saurin gyaruwa, kuma abin kunya ne a maimaita su. Ɗauki rubuta lokaci. Soja ba ya rubuta "ƙarfe goma da rabi na safiyar 14 ga wata", sai dai 141030A: lambobi biyun farko rana, huɗun da ke biye awa da minti, harafin A kuma agogon Najeriya, wanda ke gaban agogon Z, wato GMT, da awa ɗaya. Ka sa Z inda ya kamata ka sa A, jirgi ya iso bayan awa guda da lokacin da sojan ƙasa ke jiransa. A aji maki za ka rasa; a fagen daga kuwa abin da za a rasa ya fi maki. Haka matakan sirri huɗu da matakan gaggawar saƙo huɗu: hafsan da ke maƙala wa kowace sigina alamar gaggawa mafi girma yana toshe wa saƙon da ke da gaggawar gaske hanya ne.

Odar aiki kuwa sakin layi biyar gare ta, kuma jerinsu ba ya sauyawa: halin da ake ciki, manufa, yadda za a aiwatar, gudanarwa da kayan aiki, sai jagoranci da sadarwa. Ka haddace su har su zama kamar lambar wayarka. Manufa jimla ɗaya ce tak, mai faɗin wa zai yi, me zai yi, a ina, yaushe, kuma don me. Idan ka ga "da kuma" ya shiga manufarka sau biyu, ka sake zama, ba ka gama tunani ba.

Kuskuren tunani shi ne mai wuyar magani, kuma tambaya ɗaya ce maganinsa, wadda Di-Es zai yi ta rubuta maka a gefen takarda: "To, sai me?" Ka rubuta cewa lokacin hunturu ne, akwai hazo. To, sai me? Kowa ya san da hazo a watan Disamba. Abin da kwamanda ke so ya ji shi ne abin da hazon zai hana shi yi, da abin da zai yi a madadinsa.

Bari mu gwada da misali irin wanda ake bayarwa a aji. An ce ka kwashe sojoji 400 daga Kaduna zuwa Maiduguri a yini ɗaya, an ba ka jiragen jigila C-130 guda biyu. Kowanne yana ɗaukar soja 92. Ka raba 400 da 92, ya ba ka huɗu da 'yan kai, wato sawu biyar ke nan, don ba a yin rabin sawu. Jirgi ɗaya zai yi uku, ɗayan biyu. A ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce, sauke mutane da shan mai da lodi kuma awa guda a kowane ɓangare. Zuwa da dawowa ya zama awa biyar. Idan an tashi ƙarfe 7 na safe, sawun farko zai sauka 8:30, na biyu 1:30 na rana, na uku 6:30 na yamma. Ɗalibi mai rauni a nan zai ja layi ya ce ya gama. Mai kyau zai ce: to, sai me? A Disamba rana ta riga ta faɗi a Maiduguri kafin 6:30, ga hazo, ga matuƙan da suka haura awa goma sha ɗaya suna aiki. Saboda haka ko dai a matso da tashin farko zuwa asuba, ko a nemi wasu matuƙan da za su karɓe su, ko a bar sojoji 32 na ƙarshe su bi jirgin gobe. Sai ya zaɓi ɗaya ya ce wa kwamanda, "Ranka ya daɗe, ga wanda nake ba da shawara, ga dalili." Kuma bai manta ya tambaya ba: in jirgi ɗaya ya samu matsala a sawu na biyu fa? Wannan ɗan lissafin shi ne aikin hafsan ofis gaba ɗayansa a dunƙule.

Batun takarda mai ruwan hoda

Akwai al'adar da aka gada daga Turawan Ingila: amsar da malamai suka shirya wa kowane aiki ana buga ta a takarda ruwan hoda. Ba za ka yi mako biyu ba wani zai raɗa maka cewa yana da na kwas ɗin baya. Ka ce masa ka gode. Malaman sun san abin da ke cikin takardarsu kalma da kalma, sukan kuma sauya adadi ko wuri a tambayar, sai ka ga mutum ya kawo amsar bara a kan tambayar bana. Satar amsa ko kwafe aikin wani na iya jawo a sallame ka daga kwas, kuma labarin zai riga ka isa sansaninka. Ni a ganina ko da ba a kama mutum ba ya cuci kansa, don ranar da aka tashe shi ƙarfe biyun dare a ɗakin tsara farmaki, babu wata takarda mai ruwan hoda a aljihun tebur.

Karatun yaƙin sama

A sashen yaƙin sama za a ɗora ka a kan ƙa'idojin yaƙi guda goma, na farkonsu zaɓen manufa da tsayawa a kanta. Za ka ji sunan Giulio Douhet, janar ɗin Italiya da ya fitar da littafinsa kan mallakar sararin sama a 1921, da John Warden na Amurka da ya kasa tsarin abokan gaba zobba biyar, da John Boyd mai zagayen lura, fahimta, yanke shawara da aikatawa. Ka san su, amma kada ka tsaya haddar sunaye. Ƙarfin jirgi uku ne: tsawo, sauri, da nisan zango. Rauninsa kuma ba ya iya zama a sama har abada, kayan da yake ɗauka ƙalilan ne, yanayi na iya ɗaure shi a ƙasa, kuma ba shi da rayuwa sai da fili da mai da makanikai.

Idan an ba ka zaɓin abin da za ka gabatar, ka duba tarihin gida. Rundunarku an kafa ta a 1964, shekara uku kacal kafin yaƙin basasa. A watan Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi wa Biyafara yaƙi, ya zo da 'yan ƙananan jiragen MFI-9 da aka ɗaura wa rokoki, suna tafiya ƙasa-ƙasa, suka kai hari kan filayen jiragen da ke hannun gwamnatin tarayya, suka lalata jirage a inda suke ajiye. Darasin tsaron sansani da ke cikin wannan ya fi kusa da aikinka fiye da yaƙin Tekun Fasha, musamman yanzu da ƙananan jirage marasa matuƙa suka yi araha. Ga kuma rawar da Alpha Jet ta taka a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo.

Ranar gabatarwa, ka gwada jawabinka da agogo a hannu har sau uku. In an ba ka minti goma, ka gama a tara da rabi. Kada ka juya wa mutane baya kana karanta abin da ke kan allo.

Mutanen da za ka tafi da su

Ka nemi abokai a cikin kyaftin-kyaftin na sojan ƙasa da laftanonin ruwa, da baƙin da ke zuwa daga ƙasashen Afirka ƙawaye. Ka tambayi na ƙasa yadda yake ji idan ya nemi taimakon jirgi ya yi ta jira, shi ma ka fahimtar da shi dalilin da ya sa jirgi ba ya tashi da an buga waya. Wata rana muryarsa za ka ji a rediyo daga wani daji, kuma aikin ya fi sauƙi idan kun taɓa cin tuwo a faranti ɗaya. Da yawansu za ku sake haɗuwa a babban kwas, inda atisayen haɗin gwiwa da ake kira Haske Biyu ke jiranku.

Kwanaki na ƙarshe

Za a rubuta rahoto a kanka, ya shiga fayil ɗinka, kuma za a buɗe shi duk lokacin da ake maganar ƙarin girma ko turawa wani kwas. Idan Di-Es ya zaunar da kai don ya gaya maka inda ka gaza, ka riƙe biro ka rubuta, kada ka tsaya kare kai. Ka tattara ayyukanka da aka yi wa jan biro ka sa su a jaka ɗaya, kada ka bar su a ɗaki. Mako na farko da ka koma sansani, wani Wing Kwamanda zai leƙo ofishinka ya ce, "Kai ne ka dawo daga Jaji ko? Ina son taƙaitaccen bayani kan man jiragenmu kafin ƙarfe biyu." Jakar nan za ka fara buɗewa.