Ga sababbin zuwa masu kyanwa ko kare a gida: kada a jira sai dabba ta kwanta

Assalamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa. In mutum ya iso ƙasar waje kowa maganar takardu da haya da makarantar yara yake masa, ba mai tuna masa da zancen dabba, amma kafin a shekara sai ka ga an shigo da kyanwa gidan, ko dai yara sun matsa lamba, ko kaɗaici ya ishi mutum, ko gidan da ka samu ɗaki dama akwai kare ko zomo a ciki, wasu ma aikin farko da suke samu shi ne kula da wani dattijo ko dattijuwa da ke zaune da dabbarsu. To duk ta inda abin ya zo, tunda dabbar ta shiga hannunka ta zama amana, kuma babban abin da nake so ku riƙe shi ne dabba ba ta faɗa maka ba ta da lafiya, kai ne za ka gano, kuma in ka tsaya sai ta kwanta ta kasa tashi to galibi an makara.

Kyanwa musamman gwana ce wajen ɓoye ciwo. Haka halittarta take, ƙaramar dabba ce da a daji in ta nuna rauni wata babba za ta cinye ta, shi ya sa ko tana jin jiki za ta daure ta ci abinci ta yi tafiyarta kamar ba komai. Zomo da tsuntsu ma sun fi ta ɓoyewa. Kare ya ɗan fi nunawa amma shi ma zai kaɗa maka jela alhali haƙorinsa ya ruɓe. Saboda haka likita ba zai iya komai ba sai da kai, shi minti kaɗan yake ganinta, kai ne kake kwana kake tashi da ita, kai ka san sau nawa kake cika mata kwanon ruwa, ka san inda take son kwanciya, ka san yadda take tarbarka in ka dawo daga aiki. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya canza kuma canjin ya ɗore, to saƙo ne.

Abu na farko, tun dabbar tana lafiya lau ku je ku yi mata rajista a asibitin dabbobi mafi kusa, kada a bari sai rana ta ɓaci a fara neman asibiti a waya da tsakar dare. Ku tambaye su in abu ya taso da daddare ko ƙarshen mako ina ake zuwa, don da yawa asibitin unguwa rufewa yake, akwai na imajansi daban, ku ajiye lambar a waya ku kuma manna ta a jikin firij saboda yara da sauran mutanen gida. A zuwan farkon nan za su auna nauyinta, su saurari zuciya, su duba haƙori da kunne da ido, su taɓa ciki, su faɗa muku allurar rigakafin da ta rage. Wannan awon na ranar lafiya shi ne ma'aunin da za a riƙa kwatanta komai da shi nan gaba. Kuma ku sani a wasu ƙasashen abin har da doka, a Ingila da Wales dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin kare ta daga ciwo da rauni da wahala, barin dabba cikin ciwo ba magani laifi ne da ake kai mutum kotu a kai. Tun 2016 dole ne a sa wa kare 'yar mitsitsiyar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kyanwa ma a Ingila ta shiga dokar daga watan Yuni 2024, kafin ta cika sati 20. A Amurka kuma yawancin jihohi sun wajabta allurar rigakafin haukan kare.

Yanzu ga wanda na fi damuwa da shi, ciwon ƙoda a kyanwa. Yana yawan kama waɗanda suka fara manyanta kuma a hankali yake cin jiki shiru shiru, ƙoda za ta yi ta lalacewa kyanwa tana yawonta, sai kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya tafi sannan za ka fara ganin alama, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Alamar ma ba wata mai tayar da hankali ba ce, kawai za ka ga kwanon ruwa yana saurin ƙarewa, kyanwar da a da ba ta damu da ruwa ba yanzu ta koma zaman jiran famfon banɗaki tana lasar ɗigon da ke sauka, kana kwashe yashin bayan gidanta ka ga curin fitsari ya yi girma ya yi nauyi fiye da da, in ka shafa bayanta ka ji ƙashin baya ya fara fitowa. Mutum sai ya ce ai tsufa ne ko hita ce ta busar da ɗaki. Gwajin jini da na fitsari ne kawai zai raba gardama, akwai ma wani gwajin jini da ake ce wa SDMA da ke nuna matsalar tun kafin tsohon gwajin ya nuna. In an gano da wuri, da canjin abinci na musamman da lura da hawan jini kyanwa takan yi shekaru cikin jin daɗi, in kuwa sai da ta fara amai ta daina ci aka kai ta, zaɓin da ya rage kaɗan ne. Yawan shan ruwa da yawan fitsarin nan su ne kuma alamar ciwon suga, a kare da kyanwa duka. Tsohuwar kyanwa kuma da ke ci kamar me amma tana ta ramewa tana kukan dare, a duba mata wata halitta da ke wuya da ake kira tayirod, tana yawan wuce gona da iri a tsofaffin kyanwoyi kuma akwai maganinta.

Nauyi ku riƙa aunawa, ko sau ɗaya a wata. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da ita, ka cire. Gashi yana rufe rama sosai, kyanwa mai kilo 4 in ta rasa giram 400 ido ba zai gani ba, alhali kashi goma cikin ɗari na jikinta kenan, daidai da mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo 7 ba dalili.

Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su, ba zancen bari mu gani zuwa gobe. Muzuru in ka ga yana ta shiga akwatin yashi yana fita, ya tsugunna ya yi ta yunƙuri ba abin da ke fita ko ɗigo ɗaya biyu mai jini, yana kuka yana lasar gabansa, wallahi ka ajiye duk abin da kake yi ka ɗauke shi, hanyar fitsarinsa ce mai yiwuwa ta toshe, mutane da yawa suna ɗauka kashi ne ya ƙi fita, kuma wannan cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya kashe shi. Kyanwa mai numfashi da baki buɗe ita ma imajansi ce, kare ne aka sani da haki ba kyanwa ba. Babban kare mai zurfin ƙirji in cikinsa ya kumbura ya yi tauri yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa yana dalalar da miyau ya kasa zama wuri ɗaya, tumbinsa ne ka iya murɗewa, awoyi kaɗan ake da su. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba, in 'yan makonni bayan ta gama zagayen neman namiji ta yi laushi tana yawan shan ruwa, ko da ba ka ga ruwa na fita daga jikinta ba, mahaifar na iya cika da mugunya. Kwikwiyon da bai gama rigakafi ba ya fara amai da gudawa mai jini, a tuna da cutar fabo (parvo), wata muguwar cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Zomo in ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, hanjinsa ya tsaya, shi ba a masa jira sam. Kyanwa ma, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana biyu ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta ya zama wani ciwon daban, kada a ce za ta ci in yunwa ta ishe ta. Tsuntsu kuma in ya hura gashinsa ya sauko ƙasan keji jelarsa na motsi sama da ƙasa da kowane numfashi, ya daɗe yana jin jiki.

Ku koyi duba dasashi, abu ne na sakan biyar. Ka ɗaga leɓen sama a hankali, ya kamata ka ga launin hoda mai danshi, ka danna da yatsa ya yi fari ka saki launin ya dawo cikin sakan biyu. In ya yi fari fat ko shuɗi shuɗi ko rawaya ko ya bushe yana manne wa yatsa, a kira asibiti. Kana wurin ka kalli haƙoran baya ka shinshina, warin baki ba ɗabi'ar dabba ba ne kamar yadda ake ɗauka, yawancin karnuka da kyanwoyi da suka wuce shekara 3 suna da ciwon dasashi ko yaya ne, kuma za ka ga tana tauna da gefe ɗaya ko abinci na faɗowa daga bakinta. Numfashi ma ana ƙirgawa, in tana barci ka kalli ƙirjinta na rabin minti ka ninka biyu, ƙasa da 30 a minti shi ne daidai, in kullum yana haura haka a duba zuciya da huhu. Zafin jikinsu ya fi namu, tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya lafiya ne, kada ka ji ɗumi ka ce zazzaɓi. Duk wani ƙulli da ka ji a jiki lokacin shafa, ɗauki hotonsa kusa da yatsanka ka nuna wa likita, da 'yar siririyar allura sukan ɗebi abin da ke ciki su duba, kuma ƙaramin ƙari ya fi sauƙin cirewa.

Ina roƙonku da Allah kada ku ba dabba maganin mutane. Farasitamol kisa yake wa kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ko gutsure aka ba ta. Ibufurofen yana lalata ciki da ƙodar kare. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin in aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Sannan a ƙasashen sanyi akwai ruwan hana injin mota daskarewa, antifiriz, kaɗan dabba za ta lasa a gareji ƙoda ta tsaya, da farko kamar maye za ka gani sai ta yi kamar ta warware alhali ɓarnar na ci gaba a ciki. Furen lili da ake kawowa kyauta a gida, ko garin da ke jikinsa kyanwa ta lashe daga gashinta ya isa ya kashe mata ƙoda. Kare kuma a nisanta shi da cakulan da inabi da zabibi da albasa da cingam mai sinadarin xylitol. In ka san ta ci ɗaya daga cikin waɗannan kada ka jira alama, lokacin da take kamar lafiyarta ƙalau shi ne lokacin da likita zai iya ceto ta, ka tafi da kwalin abin ko ganyen. A Amurka ƙungiyar kula da dabbobi ta ASPCA na da layin waya na guba da ke aiki dare da rana.

Kowace ƙasa da nata ƙwarin. A Amurka sauro na sa wa kare tsutsar zuciya wadda takan yi watanni ba alama, shi ya sa ake gwajin jini duk shekara, a Ingila tsutsar huhu ce da kare ke samu daga dodon koɗi, kaska kuma na ɗauke da cutar Laim a Turai da Amurka, kuma tana kama mutum ma. Makero ma daga kyanwa yana tsallakawa kan yara, in ka ga gashi ya zube ya bar da'ira a duba. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe yashin kyanwa, in ba yadda za a yi ta sa safar hannu a kuma kwashe kullum.

Na san abin da ke hana mutane zuwa shi ne kuɗi, gaskiya asibitin dabbobi a ƙasashen nan da tsada, kuma sabon zuwa yana da abubuwa da yawa a kansa. Amma lissafin a bayyane yake, dubawa da gwajin jini ba za a haɗa su da kwanciya asibiti da tiyatar dare ba. In za ku yi inshora ku yi tun dabbar tana ƙarama tana lafiya, don galibi ba sa biyan ciwon da ya riga ya bayyana kafin a yi, kuma akwai 'yan kwanakin jira a farko da ba sa biya, ku karanta takardar da kyau. A Birtaniya ƙungiyoyi irin su PDSA da Blue Cross suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da suka cika sharuɗɗansu. Kuma ba abin kunya ba ne ka ce wa likita ga iya ƙarfina, wane gwaji ya fi muhimmanci mu fara da shi, sun saba jin haka. Wanda kuma bai riga ya ɗauko dabba ba ya san ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, a lallashi yaran a bari sai an zauna da gindi.

In harshen ƙasar bai gama zama a bakinka ba kada ya hana ka zuwa, wayarka za ta yi maka rabin bayanin. Ɗauki bidiyon tarin ko ɗingishin ko yadda take numfashi, don da yawa in sun shiga asibiti tsoro na sa su miƙe kamar ba su ba. Rubuta ranar da abin ya fara, me ta ci, sau nawa ta yi amai, ɗauki hoton kashin in ya canza. Dabba mai lafiya sau ɗaya a shekara ake kai ta dubawa, in ta manyanta, wato daga wajen shekara 7 zuwa sama, manyan karnuka ma kafin haka, gara duk wata shida tare da gwajin jini da fitsari. Ita kuma kyanwa, tunda rigimar sa ta a akwatin ɗauka na cikin abin da ke sa a yi ta ɗaga zuwa asibiti, ku bar akwatin a buɗe a falo kullum da ɗan tsumma mai laushi a ciki, a riƙa jefa mata ɗan abin ci a ciki lokaci lokaci har ta saba shiga da kanta, ranar tafiya sai a rufe a yafa tawul a kai, in an shiga mota a ajiye shi a ƙasa bayan kujerar gaba inda ba zai riƙa zamewa ba.