Ga sabon zuwa Mancesta: ka nemi ƙaramin dandalin kiɗa a garin

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na leƙa gidan Yaya a Gwammaja in gaishe ta. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, waya a hannu, tana magana da ɗanta da ya tafi karatu Mancesta ta Ingila a watan Satumba. Tana ganina ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo, kai da ka san garin, yi masa magana. Kullum na kira yana ɗaki." Mu nan rana ba ta faɗi ba, yara suna ta guje-guje a ƙofar gida, shi kuwa tagar da ke bayansa ta riga ta yi baƙi ƙirin, ga shi cikin rigar sanyi har wuya. Na ce masa, "Yaya garin?" Ya ce, "Kawu, ni ban ma san garin ba. Daga aji sai ɗaki."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma haka na yi hunturuna na farko a can. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4. Ka yi Magariba, ka yi Isha, ka ɗaga kai ka ga ko bakwai ba ta yi ba, ga dare zundum a gabanka. Sai ka kwanta da waya kana bin bidiyon bukukuwan gida, kana neman fuskar da ka sani a cikin masu liƙi. Jiki a Ingila, zuciya a Kano. Mutum zai iya cinye shekara guda a haka, ya dawo bai san komai ba sai hanyar aji da shagon da yake sayen shinkafa.

Abin da ya fito da ni daga ɗaki shi ne ƙananan wuraren wasan kiɗa. Kafin in ci gaba, na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta natsu da sauraren kiɗa ba saboda addini. In kana cikinsu, ka tsaya a kan abin da ka yarda da shi, akwai masallaci, akwai ƙwallo, akwai ƙungiyar ɗalibai. Maganata da wanda dama can yana son kiɗa ne, wanda ya tashi yana jin Shata a rediyon babansa, ko yake zuwa wajen masu tura waƙa a Farm Centre a cika masa waya.

Ba manyan mawaƙan da ke cika filin ƙwallo nake nufi ba. Ina nufin masu cin gashin kansu, waɗanda babu wani babban kamfani a bayansu. Su suke ɗauko jitarsu da gangunansu a mota, su suke buga tallarsu, da yawansu da safe suna aikin shago ko koyarwa. In ka san yaran da ke kwana a situdiyon Zoo Road suna haɗa waƙa da kuɗin aljihunsu, to ka san irinsu. Wuraren da suke wasa ba su da girma, wasu mutum ɗari biyu sun cika su. A unguwar Northern Quarter akwai Night & Day Cafe a titin Oldham, wanda yake nan tun 1991, akwai Band on the Wall a titin Swan, can kusa da jami'o'i kuma akwai Deaf Institute. Kada ƙanƙantarsu ta sa ka raina su. Oasis, shahararriyar ƙungiyar mawaƙa, 'yan Mancesta ne, kuma a irin wannan ɗan wuri a Glasgow wani mai kamfanin faifai ya gan su a 1993 ya ɗauke su.

Fara da bidiyo, tunda wayar dama tana hannunka. Tashar KEXP da ke Seattle a Amurka da shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR suna ɗora wasanni a YouTube kyauta, inda mawaƙi yake rerawa da bakinsa, makaɗi yana kaɗawa da hannunsa. A nan za ka gane irin sautin da kunnenka yake karɓa. Amma bidiyon da ya fi yi mini amfani ba irin wannan mai kyau ba ne. Wanda wani ya ɗauka da waya daga cikin 'yan kallo ne, hoto yana rawa, sauti yana tsagewa. Rubuta sunan wurin a YouTube ko Instagram, ka kalli irin waɗannan guda uku ko huɗu, kuma kada ka tsaya kan mawaƙin. Dubi ɗakin. Mutane a tsaye suke ko a zaune? Ana turereniya a gaba ko kowa ya kama kansa? Matasa ne zalla ko akwai masu furfura? Wurin sayar da giya yana cikin ɗakin ne ko a wani sashe daban? Ina ƙofar fita? Kafin ka kashe ko sisi ka riga ka san ko wurin zai yi maka. Na sha fasa zuwa wuri saboda abin da na gani a bayan mawaƙi, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Tikiti kuwa, manhajojin DICE da Skiddle da Songkick za su nuna maka wasannin satin. Ka kuma riƙa leƙa shagon faifai na Piccadilly Records, nan titin Oldham, ma'aikatan sun san abin da garin ke ciki kuma ba sa ƙyashin faɗa. A ƙarshen Janairu ana yin mako guda na musamman don ƙananan wuraren nan a duk faɗin Birtaniya, lokacin ne ya fi dacewa da sabon zuwa ya gwada wurare biyu ko uku.

Lokacin da aka rubuta a tikiti na buɗe ƙofa ne, yawanci bakwai ko bakwai da rabi. Masu share fage su hau wajen takwas, mai gayyar ya hau bayan tara, sha ɗaya an tashi. Turawa da yawa ba sa zuwa sai mai gayya ya kusa hawa. Kai ka je da wuri. Masu share fagen su ne 'yan gari, su za ka sake gani wata mai zuwa a wani wurin, kuma lokacin ɗakin bai cika ba, kana iya zaɓar gefen da za ka tsaya. Da hunturu ka yi sallolinka duka kafin ka fita. Da bazara, lokacin da Magariba take wuce ƙarfe 9, sai ka yi lissafi tun daga gida, don wuraren nan ba su da inda za ka shimfiɗa darduma.

Ka tafi da fasfo ɗinka. Ni an taɓa mayar da ni daga bakin ƙofa da tikitina a hannu, ana yayyafi, saboda katin makaranta kaɗai na riƙe, mai gadin kuma ya ce ba ya karɓarsa. Na yi bayani har na gaji, bai ko ɗaga kai ba. Yawancin wasannin dare na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma in fuskarka ta nuna yarinta za a tambaye ka shaida.

Maganar giya ba zan ɓoye maka ba, akasarin wuraren nan da cinikinta suke biyan haya. Babu mai tilasta maka, babu ma mai kallon abin da ke hannunka. Doka a Ingila ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya ba ka ruwan famfo kyauta in ka nema. In kuwa zama a irin wurin ne gaba ɗaya ba ka so, kwalejin koyon kiɗa ta RNCM da ke titin Oxford tana yin wasannin rana kyauta, a zaune, tsit kamar ɗakin lacca. Babban ɗakin karatu na garin ma yana da sashen kiɗa inda aka ajiye kayan kiɗa, kowa yana iya zama ya taɓa.

A can ba a liƙi. Kada waƙa ta yi maka daɗi ka nufi dandamali da kuɗi a hannu. Liƙinsu yana wani ɗan tebur a bayan ɗaki, inda bayan an tashi mawaƙin da kansa, gumi bai bushe masa ba, yake tsayawa yana sayar da riga da faifai. In ba ka da kuɗi ranar, ka saya daga baya a shafin sayar da waƙa na Bandcamp, inda mafi yawan kuɗin ke shiga hannun mai waƙar. Amma ko ba ka sayi komai ba, ka je teburin ka ce ka ji daɗi. Duk wanda na sani a Mancesta wanda ba ɗan ajinmu ba, a bakin irin teburin nan muka fara gaisawa.

Ka sa ido musamman a kan makaɗan Sahel, suna yawan ratsowa. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya suka fara yaɗuwa kafin Turai ta san shi. Wani dare wasu makaɗa daga Nijar suka zo, ɗaki cike da Turawa suna gyaɗa kai. Da aka tashi na matsa teburin na ce, "Sannunku da aiki, ya gajiya?" Mai gangar yana naɗe waya, ya saki abin da ke hannunsa ya juyo. Ya ce, "Lahiya lau! Kai, daga ina?" Na ce Kano. Ya riƙe hannuna da hannu biyu bai saki ba, yana kiran sauran su zo su ga ɗan'uwa. Muka tsaya muna hira har aka fara kashe fitilu. Ranar ce rana ta farko da na koma ɗaki ban buɗe bidiyon gida ba.

In ka samu wurin da ya yi maka, ka lizimce shi. Zuwa na farko baƙo ne kai. Zuwa na huɗu mai gadi zai ɗaga maka hannu, mai kula da na'urar sauti zai ce maka kada ka bari na ranar Alhamis ya wuce ka. Kamar teburin mai shayi ne, yawan zama ke sa a san yadda kake son naka.

Akwai gargaɗi ga wanda shi ma yake taɓa waƙa. Bizar ɗalibta ta ba ɗalibin digiri damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana shi sana'ar kansa, ta kuma hana shi aikin nishaɗantarwa. Kada wani ya ce ka hau ka yi waƙa biyu a ba ka ɗan wani abu, ka ɗauka ƙaramar magana ce. Ka fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku.

Ke kuma ƙanwata, ki tafi da abokiyar tafiya. In wani ya takura miki, ki je wajen ma'aikatan ki ce kina neman Angela. Kalmar sirri ce da wurare da yawa a Ingila suka sani, za su raba ki da shi ba tare da hayaniya ba. Dukkanku ku duba motar komawa tun kafin ku fita, domin jirgin ƙasa na cikin gari yana daina aiki wajen tsakar dare. Masu zama ta Rusholme sun fi sa'a, bas ba ya yankewa da wuri a hanyar, ga gidajen abincin halal a buɗe a titin Wilmslow.

Duk wannan na zayyana wa yaron, Yaya tana gefe tana cewa kada in koya masa yawon dare. Na ce to ya fara da na rana. Jiya ya turo bidiyo na daƙiƙa arba'in daga kwalejin nan ta titin Oxford, wasu ɗalibai huɗu suna goga abin da ya kira manyan goge, sai a ƙarshe ya juyo da wayar fuskarsa. Yaya ta kalla sau biyu, sannan ta tambaye ni ko rigar da ke jikinsa za ta iya da sanyin Janairu, in ba haka ba a nemi mai tafiya a aika masa da wata.