Ƙarfe nawa ka duba? Yadda nake neman NOTAM kafin tashi

Malamin da ya koya mini tuƙin jirgi a Amurka yana da tambaya guda da yake yi mini kowace safiya kafin mu nufi jirgi: "Ƙarfe nawa ka duba?" Wata rana na ce masa jiya bayan isha'i. Bai ce komai ba, ya buɗe kwamfuta ya nuna mini wata jar da'ira zaune daram a kan hanyar da na zana, wadda babu ita a daren jiya. Gobarar daji ce ta tashi, aka rufe wurin da asuba don jiragen kashe wuta su yi aikinsu. Ƙannena masu shirin shiga wannan sana'a, a Zariya kuke ko a waje, da wannan tambayar nake so mu fara.

Abin da ake dubawa sunansa NOTAM, sanarwar da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ke fitar wa matuƙa a kan duk abin da taswira ba ta riga ta ɗauka ba: titin sauka da aka rufe, fitilar da ta mutu, na'urar jagora da ake gyara, atisayen soja, tafiyar shugaban ƙasa. Canje-canjen dindindin suna shiga taswira da littafin bayanan matuƙa ne a ranakun da aka tsayar duk kwana 28. Abin da ya taso a tsakani, NOTAM ce ke kawo labarinsa.

Kafin ka taɓa intanet, ɗauki takarda ka rubuta lambobin filayen da suka shafe ka. Haruffa huɗu na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ake nema, ba ukun da ke jikin tikiti ba: Kano DNKN, Abuja DNAA, Legas DNMM, Yamai DRRN. Rubuta inda za ka tashi, inda za ka sauka, da filin da za ka karkata idan sauka ta gagara. Na huɗun shi ne ɗalibai suka fi mantawa, wato yankin samaniyar da za ka ratsa. Na Najeriya DNKK ne, na Yamai DRRR. Da Nijar ta rufe samaniyarta ranar 6 ga Agusta 2023, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi zagaye, alhali ba su da niyyar sauka a Yamai. Wanda ya duba filin tashi da na sauka kaɗai, irin wannan labarin zai wuce shi.

Sai inda za a nema. A Amurka nakan shiga 1800wxbrief.com da sunana, in sa hanya da lokacin tashi da tsayin da zan bi, ya haɗo mini yanayi da NOTAM wuri guda. Shiga da suna yana da amfani, domin shafin yana ajiye shaidar cewa ka karɓi bayani a sa'a kaza. Daga nan in leƙa tfr.faa.gov, inda ake jera wuraren da aka hana shiga na wucin gadi tare da taswirarsu. Idan shugaban ƙasarsu zai je gari, da'irar takan kai mil 30 na teku, da wata ta mil 10 a tsakiya wadda ƙananan jirage ba sa kusanta. Ka danna ka karanta rubutun, kada ka tsaya a hoto, domin rubutun ne doka. Yanayi kuwa, aviationweather.gov na ba da METAR, halin da ake ciki yanzu, da TAF, hasashen sa'o'i masu zuwa. A Turai akwai shafin EAD Basic na Eurocontrol, hukumar kula da zirga-zirgar jiragensu, rajista kawai ake yi.

A gida hukumar NAMA ce ke fitar da NOTAM, NiMet ke ba da yanayi, a Nijar kuma ASECNA ke riƙe da aikin. Shafin neman NOTAM na FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, yakan nuna na filayen ƙasashen waje idan ka sa haruffan huɗu, manhajoji irin ForeFlight ma haka. Ina amfani da su don in san abin da ke gabana tun daga ɗaki. Amma idan daga Kano zan tashi, abin da ya fito daga ofishin AIS na filin, wato ofishin ba matuƙa bayani, ko kundin da jami'in shirya tafiya na kamfani ya turo, shi nake riƙewa. Manhaja ɗan aike ce, tana iya makara. A lokacin hunturu kuma nakan sake duba METAR dab da tashi, don hazo na iya rufe gari cikin sa'a guda.

Karatun NOTAM kansa yana da tsari. A) wuri ne, B) lokacin farawa, C) lokacin ƙarewa, D) sa'o'in da abin ke aiki idan ba dare da rana ba ne, E) bayanin kansa, F) da G) tsayin ƙasa da na sama. Lokacin lambobi goma ne a jere. Misali 2603100600 na nufin shekarar 2026, watan Maris, ranar 10, ƙarfe shida na safe. Shidan nan agogon GMT ne, irin wanda muka saba ji a rediyo, wato bakwai agogon Najeriya da Nijar. Na sha ganin ɗalibi ya zame a kan wannan sa'a ɗaya. Idan ka ga EST bayan lokacin ƙarewa, kintace ne, kada ka ɗauka an buɗe sai an fitar da wadda ta soke ta ko ta maye gurbinta. RWY CLSD titi a rufe, U/S na'ura ba ta aiki, WIP ana aiki a wurin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, yawan sanarwar. Lokacin da aka rufe filin Abuja makonni shida daga 8 ga Maris 2017 aka koma Kaduna, kowa ya sani, har mai shayi. Wadda ke cutarwa ita ce ƙaramar da ta shige tsakanin sanarwar yankan ciyawa da ta fitilar wata hasumiya. A daren 7 ga Yuli 2017 jirgin Air Canada mai lamba 759 ya zo sauka San Francisco. An rufe titi na 28L, wato na hagu, an kashe fitilunsa. Matuƙan suka ɗauki 28R, wanda shi ne na dama, a matsayin na hagu, suka saita kan hanyar da jirage huɗu cike da fasinja ke jiran tashi, sai da suka sauko kusan ƙafa 60 daga ƙasa kafin su ɗaga. Sanarwar rufe titin tana cikin kundinsu, a shafi na 8 cikin shafuka 27. Allah ne ya kiyaye.

Saboda haka ba na karantawa da ido kawai, da biro nake yi. Zagaye na farko titi da hanyoyin sauka nake nema. Na biyu, wuraren da aka hana ratsawa, in ɗora kowanne a kan taswirata in duba tsayinsa da sa'arsa. Na uku sauran. Duk wadda ta shafe ni nakan kwafe ta da Hausa a 'yar takardar da ke ɗaure a cinyata, layi ɗaya, kamar "titin hagu a rufe har ƙarfe biyu na rana", sannan in faɗa wa abokin tuƙina da baki lokacin da muke shirin sauka. Abin da aka karanta sa'o'i biyar baya, ga dare ga gajiya, ba lallai ya faɗo a rai ba.

Ka kuma tanadi hanya ta biyu. Ranar 10 ga Janairu 2023 na'urar NOTAM ta FAA ta tsaya, washegari da safe aka dakatar da tashin jiragen cikin gida a faɗin Amurka, abin da ba a yi ba tun 11 ga Satumba 2001. Idan shafi ya ƙi buɗewa, ko ya nuna maka babu komai a filin da ka san ba ya rabuwa da aiki, ɗauki waya ka kira ofishin bayani, ko ka taka da ƙafarka.

Dubawa ta ƙarshe a gindin jirgi nake yi, bayan na zagaya shi na duba mai da tayoyi. In sabunta shafin, in nemi abin da ya shigo tun bayan dubawar ɗaki, in rubuta sa'ar a saman takardar, sannan in hau.