Haɗa idon motar ɗalibai da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Ga masu koya wa ɗalibai haɗa ƙaramar motar da ke bin layi da kanta, ba lallai ba ne a sayi na'urar gano haske ta kanti, domin ana iya haɗa ta a cikin aji.

Abin da ake buƙata shi ne farin ƙwan LED, wato ƙaramin ƙwan fitila da zai haska hanyar, da kuma LDR, wato 'yar ƙwayar nan da ke barin lantarki ya ƙara wucewa idan haske ya yawaita, wadda ake iya cirowa daga tsohuwar fitila mai kunna kanta da dare. A jera LDR ɗin da rasista (ƙwayar da ke rage gudun lantarki) mai om 10,000, a ba su bolt 5, sannan a ja waya daga mahaɗarsu zuwa ƙafar A0 ta Arduino, wato ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa motar, wadda ke bayar da lamba tsakanin 0 da 1023 gwargwadon yawan hasken. Farin kwali yana mayar da haske, baƙin salatif ɗin da aka yi layin da shi a kan kwalin kuwa yana shanye shi, kuma da wannan bambanci motar take gane hanyarta.

Inda na sha wahala a nan Bauchi shi ne rana. Motar da ta yi aiki lafiya da safe sai ta rikice da hantsi, saboda hasken da ke shigowa ta taga. Maganin da muka samu shi ne yanko guntun bututun biro, muka naɗe shi da baƙin salatif, muka cusa ƙwayar LDR ɗin ciki tana kallon ƙasa, kimanin santimita 1 daga kwalin. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke kanta kafin a auna lambobin.