Darasi na 7: Zaɓen Inbata Don Taraktar Lambu Mai Batir

Taraktar lambu mai batir tana ɗauke da wuta mai yawa a cikinta. Da wannan wutar za ka iya kunna famfon ban ruwa, ko zarton lantarki, ko fitila, a can ƙarshen lambu inda waya ba ta kai ba. Sai dai wutar batir daban take da ta gida. Ta batir gefe ɗaya take bi, ana ce mata DC. Ta gida kai-komo take yi, ana ce mata AC. Inbata ita ce ke juya ta farko zuwa ta biyu.

Kafin ka je saye, buɗe gidan batir ka ƙirga. Idan batura 6 ne masu bolt 6 a jere, wato an jona kan + na ɗaya da kan − na mai bi masa, jimilla bolt 36 ke nan. Haka taraktar Elec-Trak ta kamfanin General Electric take, wadda aka yi a Amurka a shekarun 1970. Wasu taraktocin bolt 48 ne. Inbatar da za ka saya dole ta yi daidai da wannan jimillar. In ka haɗa inbata mai bolt 12 da batura masu bolt 36, nan take za ta ƙone.

A nan mutane da yawa ke yin dabarar da ba ta da kyau. Inbata mai bolt 12 ta fi sauƙin samu, sai mutum ya jona ta da batura 2 kawai cikin 6. Za ta yi aiki, ba musu. Amma waɗannan biyun za su riƙa ƙarewa kafin sauran, in an zo caji su kasa cika, sauran huɗun kuma su sha caji fiye da kima. A hankali duk jerin ya lalace. Gara ka yi haƙuri ka nemo wadda ta dace.

Akwai wata riba ma a inbata mai bolt 36. Wat shi ne bolt sau amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Kayan aiki mai wat 1,000 zai ja amfiya kusan 83 daga bolt 12, amma kusan 28 kawai daga bolt 36. Ƙarancin amfiya na nufin waya ba za ta yi zafi sosai ba.

Sai batun girma. Duba rubutun da ke jikin kayan aikinka, ka haɗa wat na duk abin da za ka kunna lokaci ɗaya. Kada ka tsaya a nan. Duk abin da ke da mota, wato injin lantarki mai juyawa, kamar famfo da zarto, yana jan wuta ninki biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, a daidai lokacin tashi. Shi ya sa ake rubuta lambobi biyu a jikin inbata: wat da take bayarwa kullum, da wanda za ta iya ɗauka na 'yan daƙiƙu. Lambar farko ita ce ta gaskiya, ko da an rubuta ta biyun da manyan baƙaƙe. Ka tabbata kuma bolt ɗin da take fitarwa, 230 ko 120, shi ne kayanka ke so.

Inbata iri biyu ce. Mai tsabtatacciyar wuta irin ta gida ta fi tsada, amma mota na tafiya da ita lafiya. Ɗayar mai araha tana sa mota gurnani da zafi. Ta isa fitila dai.

Wajen ɗaurawa, sa fis, wato abin da ke katse wuta in ta yi yawa, kusa da batir, yi amfani da gajeriyar waya mai kauri, ka ɗaure inbatar tamau saboda jijjiga. Kada ruwa ko ƙura su same ta, kada kuma ka rufe ta wuri ɗaya da batura masu ruwa, don suna fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Irin waɗannan baturan, kada ka zuƙe su fiye da rabi.

Aikin gwaji: Tarakta tana da batura 4 masu bolt 12 a jere. Inbata mai bolt nawa za a saya mata? Idan aka kunna famfo mai wat 960, amfiya nawa zai ja?