Babi na Shida: Karanta Lambar Bindiga da Lambar Harsashi

Darasi na 1: Takarda tukuna

Wannan babi na masu bindigar farauta ne, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake tsaron gida da gona da ita. Dokar Makamai ta 1959 ta ce sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙe ta, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Wanda ba shi da takarda ya je hedikwatar 'yan sanda a nan Jos ya yi tambaya.

Darasi na 2: Lambar baki

Ku buɗe bindigar, ku leƙa, ku tabbata babu harsashi. Yatsa ya yi nesa da kunama. Yanzu ku duba jikin ƙarfen, kusa da inda ake zura harsashi. Akwai lamba: 12, 16 ko 20. In tsatsa ta rufe ta, ku goge da tsumma mai ɗan mai. Kada ku yi sauri, baba, ido zai saba.

Ƙaramar lamba ita ce babban baki. Faɗin bakin 12 ya kai milimita 18 da rabi, na 20 kuwa kusan 15 da rabi. Mai 12 ta fi dukan kafaɗa. Dattijo ko mai ƙaramin jiki, 20 ta fi masa sauƙi.

Ku ɗauki harsashi, ku juya gindinsa, wurin ƙarfen nan mai ruwan tagulla. Shi ma da lambarsa. Ku karanta ta bindiga. Ku karanta ta harsashi. 12 da 12. 20 da 20. Ku sake, da babbar murya. Madalla, haka ne.

Ga dalili. Harsashin 20 in ya shiga bindigar 12, sulalewa yake yi ya maƙale can cikin bututu. Mutum ya leƙa, ya ga kamar babu komai, ya ƙara na 12 a baya, ya harba, bututun ya tarwatse a hannunsa. Harsashin 20 yawanci rawaya ne, amma kada ku dogara da launi. Lamba za ku karanta. Ta bindiga, sannan ta harsashi.

Haba 'yan uwa! Har yanzu wasunku na zuba harsasai iri biyu a aljihu ɗaya, suna cewa hannu ya san nasa. Da dare, kare na haushi, zuciya na bugawa, hannun wa zai bambance? Ku daina. Kowane iri da jakarsa, a rubuta lambar a jiki.

Darasi na 3: Tsawo

In kun ga 12/70, lamba ta biyun ita ce tsawon harsashin da aka yi bindigar dominsa, milimita 70. Harsashi mai 76 zai shiga, amma haɗari ne, kada a harba. A karanta duka biyun.

Darasi na 4: Ƙwayoyin dalma

Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashi ma suna da tasu lambar daban: babbar lamba, ƙananan ƙwayoyi. 6 ko 7 na zabo da makwarwa ne. Manyan ƙwayoyi suna huda ƙofa da kwano su sami na cikin ɗaki, don haka ba a harbi sai an ga abin da ake harbi da abin da ke bayansa.

Darasi na 5: Ajiya

Bindiga daban, harsashi daban, a kulle, nesa da yara da danshin damina.