Yadda Ake Haɗa Rahoton Talabijin Na Yara Daga Ƙauye

Sababbin shiga aikin jarida suna raina shirin yara, gani suke tatsuniya ce da tafi. Alhali BBC ta fara Newsround tun 1972, labarai ne sosai ake karanta wa yara, kuma har yau ana yi. Mu nan muna da ARTV Kano, NTA Dutse da Arewa24, amma a ganina da wuya yaron Ringim ko Ɗambatta ya ga irin rayuwarsa a labarai. Idan kana karkara kuma kana da waya mai kyamara, ta nan za ka shiga.

Fara da abin da ido zai gani. "Muhimmancin ilimi" ba labari ba ne, wa'azi ne. Yaron da ya yi kiwon rago wata shida zai kai shi kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko 'yan matan da ke layin tuƙa-tuƙa tun asuba har su makara a makaranta, waɗannan su ne labari.

Sai izini. Ka gaida dagaci ko mai unguwa, ka ga hedimasta, amma izini na gaske a bakin iyaye yake, almajiri kuma a wajen malaminsa. Yaron da aka ci zarafinsa ba a nuna fuskarsa, ba a faɗin sunansa, ko da mahaifinsa ya ce a nuna.

Hira da yaron ita ce inda kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na sha ƙasa. Fitata ta farko, wani hedimasta ya jera min yara biyar, ya turo wanda ke zuwa na ɗaya a aji. Yaro ya harɗe hannu a baya, ya kafe ido a ƙasa, ya zubo min "ilimi gishirin zaman duniya" kamar mai ba da hadda, malam na gefe da bulala yana gyaɗa kai. Na koma da hoton minti 20, edita bai tsinci daƙiƙa 10 ba.

Don haka ka roƙi manya su ɗan ja baya, su tsaya inda suna hangen ku amma ba sa jin magana. Ka tsuguna, kyamara ta yi daidai da idon yaro. Kada ka matsa masa ya kalle ka, an tarbiyyantar da shi ne kada ya haɗa ido da babba, ba ƙauyanci ba ne. Ka ba shi abin yi: ya ci gaba da ba ragon dusa, yarinya kuma ta riƙa buga famfon. Hannu na aiki, baki na sakewa. Ni ban taɓa ɗaukar yaro shi kaɗai ba tun daga ranar, sai da abokinsa, don idan ɗaya ya yi ƙarya ɗayan zai fashe da dariya ya gyara masa.

Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, ɓata batir ce. Maimakon "kana son ragon?", ce masa, "Ƙanena, ranar da ya tsinke igiya ya gudu, ya aka yi ka kamo shi?" In ya amsa, yi shiru ka ƙirga biyar a zuci. Maganar da za ka yi amfani da ita, yawanci bayan wannan shirun take fitowa.

Murya ta fi hoto. Sayi ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a riga, akwai masu sauƙi a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Lokacin hunturu naɗe shi da guntun safa saboda iska, kuma ka nisanci injin niƙa. Waya a kwance, rana a bayanka.

Rubutunka ya zama gajere, yadda ɗan aji 4 zai gane. Kada ka ce hekta, ka kwatanta da filin ƙwallo. Ka tace hoton a manhajar CapCut, kada ya wuce minti 2. Ka haɗa rahoto guda uku, ka nemi furodusan shirin yara makonni kafin 27 ga Mayu, Ranar Yara, lokacin suna neman abin sakawa. Takardar shaidar karatu kuma, in ka samu hali, akwai sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero (BUK) da kwalejin talabijin ta NTA a Jos.